An Tuɓe Sarki, Rumbu Ya Koma Hannun Wa?

Da safiyar 12 ga Satumba, 1974, wasu ƙananan hafsoshin soja suka shiga fadar Sarkin Habasha a Adis Ababa. Ɗaya daga cikinsu ya zaro takarda ya karanta wa Haile Selassie cewa an tuɓe shi. Dattijo ne mai shekara 82, ya yi shekara 44 a kan gado, ban da 14 da ya yi yana juya ƙasar a matsayin mai jiran gado. Kirarinsa a takardun gwamnati shi ne Zakin Ƙabilar Yahuza, Zaɓaɓɓen Allah, Sarkin Sarakuna. Tsarin mulkin 1955 ya rubuta ƙarara cewa tsatsonsa daga Annabi Sulaiman da Bilkisu yake, kuma ba mahalukin da ke da ikon ja da shi. Suka fito da shi ƙofar fada. Maimakon zungureriyar motar da ya saba hawa, sai ga wata 'yar Volkswagen, irin wadda muke kira bitil. Ya sunkuya ya shige kujerar baya. Mutanen da jiya ke zubewa ƙasa in ya gifta, ranar sai suka bi motar suna ihun "leba, leba", wato ɓarawo.

Na san da yawa a cikinmu ba sa son jin wannan labari. A idon 'yan Afirka masu kishi, Haile Selassie gwarzo ne, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ne ya tsaya gaban taron ƙasashen duniya a Janeba a 1936 ya faɗa musu cewa Italiya na feshe mutanensa da iska mai guba, suka yi kunnen uwar shegu da shi. Shi ne ya dawo gida a 1941 bayan an fatattaki sojojin Musolini. A birninsa aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a watan Mayun 1963. Mu Musulmi kuma akwai wata tsohuwar ƙauna tsakaninmu da wannan ƙasa tun daga Najjashi, sarkin da ya ba Sahabbai mafaka lokacin da Makka ta yi musu zafi. Duk wannan gaskiya ne. Amma in aka ce in zaɓi wurin tsayawa a wannan safiya, zan tsaya cikin masu ihun nan. Abin da ba zan yi ba shi ne in tafa wa waɗanda suka tuƙa motar, domin shekara uku ba ta cika ba sai da suka mai da titunan birnin makwantar gawarwakin 'ya'yan masu ihun.

A fara da gona, don daga can maganar ta taso. A arewacin Habasha, wajen Gojjam da Tigrai da Begemdir, manomi na da gadon gonar kakanninsa, sai dai akwai basaraken da aka ba ikon karɓar galla da aikin gayya a kansa. A kudu abin ya fi muni. Ƙasashe ne da Sarki Menelik ya ci da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19, ƙasashen Oromo da Sidama da Wolaita da sauransu, ya yanyanka su ya raba wa sojojinsa da fadawansa da coci. Mutum ya wayi gari gonar da ubansa ya sassabe ta zama ta wani baƙo mai bindiga, shi kuma ya koma ɗan haya a kanta. In kaka ta yi, mai gona ya kwashi kashi ɗaya cikin uku, wani wurin rabi, wani wurin ma fiye. Ban da wannan akwai gyaran shingen gidansa, da niƙa masa hatsi, da kai masa itace, da gaisuwar salla ta zuma ko tunkiya. Ranar da ya ga dama ya ce tashi, sai tashi, ba takarda ba kotu. Mai gonar kuma sau da yawa yana can Adis Ababa, bai san ko da launin ƙasar gonar ba.

Duk Bahaushen da ya taso a karkara ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin lokacin haraji a zamanin En'e. Ya ce akwai wata shekara da gero bai yi ba, aka tara magidantan da ba su biya ba a ƙofar gidan dagaci, aka zaunar da su a rana tun hantsi. A cikinsu akwai wani tsoho maƙwabcinsu da ya limanci unguwar shekara da shekaru. Ɗan dogarin da bai kai sa'an ɗansa ba ya cire masa hula ya jefar a ƙasa. Mahaifina ya ce abin da bai taɓa mantawa ba shi ne yadda tsohon ya ƙi ɗaga kai ya dubi kowa, yana ta jan zanen ƙasa da ɗan yatsa har la'asar, sai da matarsa ta kai akuyarta kasuwa. Ko da yaushe ya zo nan a labarin sai ya yi shiru. To a ninka wannan sau goma, a ƙara da cewa gonar ma ba taka ba ce, harshen alƙalin ma ba naka ba ne, shi ne rayuwar manomin kudancin Habasha.

Musulmin ƙasar su ma suna da nasu ciwon. Suna da yawan gaske, amma coci ce addinin gwamnati, ranakun sallarsu ba hutu ba ne, manyan muƙamai kuma sai dai su hango daga nesa. Shi ya sa ranar 20 ga Afrilu, 1974, Musulmi wajen 100,000 suka cika titunan Adis Ababa suna neman a daidaita su da kowa, Kiristoci masu adalci na tafe tare da su. Mai son ya tuna Najjashi ya tuna da wannan ranar ma.

Wani abin tausayi a tarihin sarkin shi ne, da hannunsa ya reni waɗanda suka haƙa masa rami. Yana son ilimin zamani, ya gina makarantu, ya tura yara karatu Amurka da Turai, har fadarsa guda ya bayar aka mai da ita jami'a. Yaran suka je suka ga duniya, suka dawo suka dubi gida. Ɗaya daga cikinsu, Girmame Neway, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kolambiya, aka ba shi gwamnan Wolaita. Ya fara raba wa marasa gona filayen gwamnati, masu ƙasa suka kai ƙara fada, aka ɗauke shi aka jefa Jijiga. A Disambar 1960, sarki na ziyara a Birazil, shi da yayansa Janar Mengistu Neway, shugaban dogaran sarki, suka yi yunƙurin juyin mulki. Ba su yi nasara ba. Girmame ya mutu a guje, yayan kuma aka rataye shi. Amma ɗaliban jami'a sun fito sun goya musu baya, kuma tun daga ranar aka san cewa gadon nan ana iya girgiza shi.

A 1965 ɗalibai suka yi maci zuwa majalisa da take guda: "Meret larashu", gona ga mai noma ta. Kalmomi biyu ne a harshensu, amma sun fi littafi goma nauyi. Daga nan ra'ayin gurguzu ya shiga jami'ar kamar wutar daji. Ana karanta Kal Markis da Lenin da Mao a ɓoye, ana maganar Kyuba da Biyetnam. Na sha jin masu cewa wai yaran ruɗarsu aka yi da baƙuwar aƙida. Ban yarda ba. Yaron da ya taso yana ganin ubansa na auna rabin hatsinsa yana zuba wa wani a buhu, ba ya bukatar Bajamushe ya gaya masa ana cutarsa. Abin da littattafan suka ba shi shi ne suna da bayani: cewa talaucin gidansu ba rabo ba ne da aka rubuta masa shi kaɗai, tsari ne da mutane suka gina, kuma abin da mutane suka gina ana iya rushe shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka raine shi a kan cewa sarki inuwar Allah ne.

Kuma an ba fada dama, ba sau ɗaya ba. An sha kawo ƙudurin rage gallar 'yan haya gaban majalisa, majalisar da masu gonaki suka cika, yana zuwa yana mutuwa. Manoman Bale suka ɗauki makamai daga 1963 har 1970. Na Gojjam suka yi bore a 1968 kan sabon haraji. Ko wanne aka tura masa soja. Masu cewa da an yi haƙuri da gyara ya zo a hankali, su gaya mana shekara nawa ake so mai jin yunwa ya jira. Daga macin 1965 zuwa faɗuwar sarki shekara tara ne cur, ba a rage wa ɗan haya ko mudu ɗaya ba.

Sai fari ya zo. Farin nan ne dai da ya ƙone mu a 1972 da 1973, wanda ya kashe shanun Fulani da raƙuman Buzaye, ya koro mutane daga arewa suna bara a biranenmu. A Habasha lardin Wollo ya fi shan wuya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 40,000 zuwa 200,000. Mutane suka bar ƙauyuka suka jeru a bakin babbar hanyar da ta ratsa garin Dessie suna tare motoci. Hukuma ta sani, rahotanni sun iso. Aka danne su, don kada a kunyata sarki a idon duniya. Malaman jami'a da suka je suka ɗauko hotuna aka ƙaryata su. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya bincika wannan yunwa daga baya, ya nuna cewa ƙasar gaba ɗayanta ba ta rasa abinci ba a shekarar, mutanen Wollo ne suka rasa abin saye, kuma ba wanda ya kai musu. Sai a Oktoban 1973, da ɗan jaridar Ingila Jonathan Dimbleby ya nuna hotunan a talabijin, sannan asiri ya tonu.

Fari daga Allah ne, ba wanda ya isa ya hana shi. Ɓoye shi kuwa aikin mutum ne, kuma a ganina wannan laifin shi kaɗai ya isa ya raba kowane mai mulki da kujerarsa. A Nijar ma abin da ya faru ke nan. Ranar 15 ga Afrilu, 1974, Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, kuma babban abin da ya tsaya a kai shi ne yunwa da yadda aka yi da kayan agaji. Diori ba sarki ba ne, Kountché kuma ba ɗan gurguzu ba ne. Yunwa ce dai guda ta kada gwamnati biyu a shekara guda. Wannan ya kamata ya sa masu ɗora komai a kan littafin Markis su sake tunani.

Ko boren Habasha ma ba daga jami'a ya fashe ba. A Janairun 1974, a wani barikin soja da ke Negele, can kudu wajen Borana, famfon ruwan ƙananan sojoji ya lalace, hafsoshi suka hana su ɗiba a rijiyarsu. Sojojin suka kulle hafsoshin. Aka turo babban janar daga Adis Ababa ya sasanta, suka riƙe shi, suka sa ya ci abincin da suke ci, ya sha ruwan da suke sha. A Fabrairu direbobin tasi suka ajiye aiki kan ƙarin kuɗin mai, malaman makaranta suka bi, sojojin Asmara suka yi tawaye, Firayim Minista Aklilu Habte-Wold ya sauka. A Maris ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da ƙasar cak. Tura ta kai bango. A ƙarshen Yuni wakilan barikoki, mutum ɗari da 'yan kai, daga manjo zuwa kurtu, suka kafa kwamiti. Kalmar kwamiti a harshensu ita ce Derg. Suka riƙa tsince manyan fada ɗaya bayan ɗaya suna cewa da sunan sarki suke yi, har ya rage shi kaɗai. Daren da za su tuɓe shi suka saka hotunan yunwar Wollo a talabijin, suna gauraya su da hotonsa yana ba karnukansa nama.

Har zuwa nan ba a zubar da jini mai yawa ba. Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Daren 23 ga Nuwamba, 1974, aka fito da manyan tsohuwar gwamnati daga inda ake tsare da su, aka harbe su ba shari'a. Mutum 60 aka ƙirga a daren, ciki har da tsofaffin firayim minista biyu, da jikan sarki, da shugaban Derg ɗin kansa, Janar Aman Andom, wanda aka kashe a gidansa saboda ya ƙi yarda da kisan, ya kuma so a yi sulhu da 'yan tawayen Iritiriya masu neman ɓallewa. Ina da yaƙinin cewa a cikin mutanen nan akwai masu hannu a ɓoye yunwar Wollo. To ai shi ya sa ya kamata a gurfanar da su a bainar jama'a, uwar da ta binne 'ya'yanta a bakin hanyar Dessie ta ji daga bakinsu wa ya ba da umarni. Harsashi ya rufe bakinsu, ya kuma koya wa masu bindigar cewa ana iya kashe mutum da dare a sanar a rediyo da safe, ba abin da zai faru. Sarkin kansa ya mutu a tsare a Agustan 1975. Sai a 1992 aka tono ƙasusuwansa a harabar fada.

Duk da haka ba zan hana Derg abin da ta yi daidai ba. A Disambar 1974 ta ayyana gurguzu, sannan ranar 4 ga Maris, 1975, ta fitar da dokar mallakar gonaki. Dokar ta soke hayar gona gaba ɗaya, ta yafe duk bashin galla, ta ce ba iyalin da zai riƙe fiye da hekta 10, ta ce wanda ke noma gona shi zai ci gaba da noma ta. Aka kafa ƙungiyoyin manoma su raba filaye da kansu. Aka rufe jami'a da manyan azuzuwan sakandare, aka tura ɗalibai da malamai wajen 60,000 ƙauyuka su koyar da karatu su bayyana dokar. A Afirka ban san wata doka da ta sauya rayuwar talakan karkara dare ɗaya kamar wannan ba. Ka ɗauki manomin Arsi ko Kaffa a kakar 1975, ya sheƙe hatsinsa ya tara, ya tsaya yana duban hanya don ganin wakilin mai gona da buhunansa, har rana ta faɗi ba wanda ya zo. Ya kwashe tsaf ya zuba a rumbunsa. Wanda bai taɓa noma wa wani ba ba zai san daɗin wannan yammacin ba. An kuma mai da ranakun sallar Musulmi hutun ƙasa, an raba coci da gwamnati, daga baya aka yi gangamin yaƙi da jahilci a harsuna da dama. Masu kewar zamanin sarki ba sa son a ambaci waɗannan.

Sai dai a cikin dokar akwai wata jimla da manomin bai kula da ita ba saboda murna. Ba a ce gonar tasa ce ba. An ce ta al'umma ce, gwamnati ke riƙe da ita a madadin kowa. A takarda wannan magana ce mai daɗi. A aikace kuwa ma'anarta ita ce an kori masu gona dubu an naɗa guda ɗaya, kuma wannan gudan shi ke da soja da kotu da gidan rediyo. A 1976 aka kafa hukumar sayen amfanin gona. Aka yanka wa kowace ƙungiyar manoma adadin buhunan da za ta kawo a farashin da gwamnati ta sa, wanda bai kai na kasuwa ba ko kusa. Wanda gonarsa ba ta yi ba sai ya sayar da dabba ya sayo hatsi da tsada a kasuwa ya kai wa hukuma da araha. Aka dasa shingaye a hanyoyi don kada wani ya kai buhu wani lardi. Aka riƙa kwasar samari zuwa fagen yaƙi. Tsugune ba ta ƙare ba. Akuyar nan da matar liman ta kai kasuwa a labarin mahaifina, ita ce dai aka sake kaiwa, sunan mai karɓa ne kawai ya sauya.

A birni kuma 'yan gurguzun suka juya wa juna. Ɗaliban jiya sun rabu gida biyu: ƙungiyar EPRP na cewa soja su koma bariki a kafa gwamnatin farar hula, ƙungiyar MEISON ta Haile Fida na cewa a yi aiki da soja a koya musu aƙida. Dukansu littafi ɗaya suke karantawa. EPRP ta fara harbe jami'an gwamnati a titi. Ranar 3 ga Fabrairu, 1977, Mengistu Haile Mariam, ɗaya daga cikin jagororin Derg, ya sa aka kashe shugaban ƙasa Janar Tafari Benti da wasu abokan aikinsa, ya haye kujera. Ya tsaya a babban dandalin birni ya rotsa kwalabe cike da jan ruwa a gaban taro, alamar jinin da za a zubar. Su da bakinsu suka sa wa abin suna Jan Ta'addanci. Aka raba wa 'yan sintirin unguwanni bindigogi, suna bi gida-gida. Yara 'yan sakandare ake kamawa da dare, da safe a ga gawarsu a bakin titi da takarda manne a ƙirji. Uwa ta zo ɗaukar gawar ɗanta, a ce sai ta biya kuɗin harsashin da aka kashe shi da shi, kuma a hana ta zaman makoki. Mafi ƙarancin ƙiyasin waɗanda aka kashe dubun-dubata ne. Da aka gama da EPRP aka waiwayi MEISON, Haile Fida ma bai tsira ba. Yaran da suka yi macin gona ga mai noma ta, mafi yawansu ko kabari, ko kurkuku, ko gudun hijira.

Abokaina masu ra'ayin gurguzu kan ce wannan ba gurguzu ba ne, mulkin soja ne da ya ari jar riga. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mafi yawan 'yan Derg ba su san komai game da Markisanci ba ranar da suka karɓi mulki. Amma ba zan bari mu fake a nan ba. Wa ya koya musu cewa jam'iyya ɗaya ce ke da ikon magana da yawun talakawa? Wa ya koya musu cewa mai saɓa maka ra'ayi maƙiyin juyin juya hali ne, jarida mai zaman kanta kuma kayan aikin 'yan jari-hujja ce? Farar hula masu digiri ne suka koya musu, daga littattafan Lenin da Stalin. Aƙidar ta ƙware wajen nuna wa talaka wanda ke cin guminsa, amma ba ta tanadi komai ba don ranar da mai cewa shi ne talakan zai fara ci. Sarki ya ce Allah ne ya zaɓe shi, don haka ba a tambayarsa. Mengistu ya ce tarihi ne ya zaɓe shi, shi ma ba a tambayarsa.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce 1984. Fari ya dawo Wollo da Tigrai, a kan yaƙi da kwasar hatsi da shingayen hanya. Ma'aikatan agaji na gwamnatin kanta sun yi ta gargaɗi tun farkon shekara. A watan Satumba gwamnati na can tana ƙawata Adis Ababa don bikin cika shekara 10 da juyin juya hali da ƙaddamar da jam'iyyar ma'aikata, ana tare mayunwata don kada su shigo birni baƙi su gan su. Sai a Oktoba, da BBC ta nuna hotunan sansanin mayunwata na Korem, duniya ta sani. Mutanen da suka hau mulki da hoton yunwar da sarki ya ɓoye, su ne suka ɓoye wadda ta ninka ta. An ƙiyasta mutum 400,000 zuwa miliyan ɗaya sun mutu. Maganin da suka kawo shi ne kwashe mutane wajen 600,000 daga arewa zuwa kudu maso yamma, da yawa bisa tilas, ana raba miji da mata a wurin lodi. A Maris ɗin 1990, da Tarayyar Sobiyet, wadda ke ɗaure wa Derg gindi, ta fara janye hannu, Mengistu ya sassauta dokokin noma, cikin 'yan makonni manoma suka wargaza gonakin haɗin gwiwar da aka tilasta musu, kowa ya ja sansa ya koma gida. A Mayun 1991 ya gudu Zimbabuwe, mutanen birni suka tumɓuke gunkin Lenin.

Mu ma wannan iska ta kaɗa a ƙasarmu, kuma kusan tambaya ɗaya aka yi. Sanarwar Sawaba da NEPU ta fitar a Kano a 1950 ta faɗa ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. An ɗaure 'yan NEPU, an yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha kurkuku ba adadi. A Nijar an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959. Sai dai Malam Aminu Kano ya jingina hujjarsa da abin da mutane suka riga suka sani, wato wa'azin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan zaluncin masu mulki, kuma ya nemi ƙuri'a maimakon bindiga. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba su da gudanar da mulki. A 1979 gwamnatocin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Mahaifina ya ce ranar da aka sanar a rediyo, tsofaffin garinmu sun yi ta maimaita tambaya ko sun ji daidai. Hanyar ba ta rasa jini ba, don a tarzomar Kano ta 10 ga Yuli, 1981 an kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Amma an cire wa sarauta haƙoranta ba tare da an jera gawarwakin yara a titi ba, kuma ina ganin wannan abin godiya ne ga mutanen da suka sha ɗauri don a kai ga haka.

Ba ina cewa mun tsira ba ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ma da sunan riƙon amanar jama'a. Duk wanda ke da gona a gefen babban birni ya san abin da ke faruwa ranar da ya ga baƙi da abin awo suna kafa turaku a cikin dawarsa. Diyyar da za a ba shi ta amfanin da ke kai ce, ba ta ƙasar ba, kuma filin da aka karɓa da sunan aikin jama'a sau da yawa sai ya gan shi an yanka fuloti ana sayar wa masu kuɗi. Rawanin da muke ta faɗa da shi a da yanzu ba shi da wannan iko. Ikon yana wurin mai jiniya, kuma matasanmu masu zafin kishin talaka sun fi kashe ƙarfinsu a kan rigimar wa za a naɗa, wa za a tuɓe.

A Habasha, waɗanda suka kori Mengistu su ma 'ya'yan waccan gwagwarmayar ɗalibai ne, kuma tsarin mulkin da suka rubuta a 1995 ya bar ƙasa a hannun gwamnati, ba a sayarwa ba a saye. A Nuwamban 2015 zanga-zanga ta ɓarke a garin Ginchi, ta bazu ko'ina a yankin Oromiya, saboda shirin faɗaɗa Adis Ababa zuwa cikin gonakin manoman da ke kewaye da ita. An kashe ɗaruruwan mutane. A Janairun 2016 gwamnati ta janye shirin, amma wutar ba ta mutu ba sai da firayim minista ya ajiye aiki a Fabrairun 2018. Yawancin waɗanda suka fito titi jikokin 'yan hayan nan ne da aka gaya wa a 1975 cewa ba wanda zai sake tashinsu daga gona.